Igiya Mai Faɗi

Ranar da aka ƙaddamar da sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe dukkan ayyuka, a hukumar, an yanka ƙyalle, an ci shinkafa, an ɗauki hoto. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna da shi: a kunna ta a gani. Lokacin kuɗin mai na shigowa, kowane ofis a Abuja na zubar da tsohon kaya. Kafin la'asar an kwashe tsohuwar kwamfutar ma'aikata an yi gwanjonta.

Mashkura, jami'ar kwamfuta da ba a kai ga tabbatar da ita a aiki ba, ita aka miƙa wa takarda ta sa hannu cewa komai ya tafi daidai. Darakta na tsaye a kanta yana duba agogo, ta sa.

Kafin gwanjon, ɗan kwangila ya kwafe duk abin da ke cikin tsohuwar, ya zuba a kwamfutar da ba ta da jiki, wadda ke zaune cikin sabar kamar ɗan haya. Washegari Mashkura ta kunna ta. Tambari ya fito, allo ya yi shuɗi, ta mutu. Saƙon dai ɗaya ne kullum: ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Ɗan kwangila kuwa wayarsa ta daina shiga.

Duk wasiƙun ma'aikata daga cikin wannan kwamfutar suke fitowa, har da ta tabbatar da Mashkura. Darakta ya ba ta zuwa Juma'a, ya kuma tuna mata hannun wa ke kan takardar.

Kwana uku tana fama. Ta duba faifan, lafiyarsa lau, ga fayiloli nan reras. Ta ƙara ƙwaƙwalwa, ta rage, ta sauya jerin tashi. Shuɗin allon bai fasa ba. Tsoro ya kama ta sosai, don ta riga ta gaya wa mutanen gida a Jiwa cewa aiki ya zauna.

A kusurwar ɗakin kwamfutar akwai Baba Ishaya, wanda ya yi shekara da shekaru yana goge ƙurar tsohuwar na'urar. Shekarunsa talatin da biyar na aiki sun cika tun watan jiya, amma babu wasiƙa babu ritaya, don haka kullum yana zuwa da jaridarsa. Kowa ya san mutuwar na'urar ta yi masa daɗi, shi ma bai ɓoye ba.

Ranar Alhamis ya ga ta kifa kai a tebur. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ninke jaridar.

"'Yata, wannan sabon abu, wane irin igiya ne ya riƙe faifan?"

"Baba, ba ta da igiya. Komai kwaikwayo ne."

"To me aka kwaikwaya? Nawa dai, in na buɗe shi, igiyan faɗi ne da shi kamar bel. Tun zamanin soja haka yake, bai san wani ba."

Mashkura ta ɗago. Igiya mai faɗi, wato IDE. Ta buɗe saitin, ta duba kwantirola, ɗan aiken da ke tsakanin kwamfuta da faifanta. Ɗan kwangila ya zaɓi wani nau'i daban mai suna SCSI, saboda takardar kwangila ta ce komai ya zama na zamani. Tsohuwar manhaja kuwa ba ta taɓa jin yarensa ba.

Sauyawar zuwa IDE ba ta fi danna abu biyu ba. Sai ta tsaya, hannunta a kan linzamin kwamfutar.

"Baba, ka san in ta tashi..."

"Na sani. Danna."

Ta danna. Tambari ya fito, ya ɗan yi jinkiri, ya wuce. Na'urar buga takardu ta yi tari, ta fara fitar da wasiƙun da suka taru, bisa jerin haruffa. Ishaya ya riga Mashkura fitowa.

Shi ya je ya kwaso su, kamar yadda ya saba. Ya miƙa mata tata da hannu biyu, ya ce Allah ya sa alheri. Tasa ya ninke cikin jarida, ya tambaye ta ko tana son kujerarsa, don ta fi tata laushi.