Sabis Ya Kai Ɗakuna

Fitilun rauta, akwatin intanet ɗin gidan, suka mutu gaba ɗaya, sai guda ɗaya ja da ta rage tana ƙyaftawa.

"Shi ke nan, Injiniya ya kashe ta!" in ji Auta, ƙanwarsa, tana tafa hannu. "Wallahi in ba ta tashi ba, wayarka za ka ba ni."

"Malama, yi mana shiru. Sabuwar manhaja take sha," in ji Injiniya.

Ba injiniya ba ne, 'yan gida ne suka laƙaba masa sunan tun yana kwance rediyo ya kasa mayarwa. Ya ƙura wa kwamfutarsa ido. In wuta ta ɗauke yanzu, rautar ta zama kwali.

Tsohuwar rauta ce, tana ajiye a kan kanta a falo, dab da kujerar Baba. Sabis ɗinta ba ya wuce ƙofa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, a kujerar nan yake wuni, kuma duk mai son intanet dole ya zo kusa da shi. Yaya, babban wansu, kan miƙe a kafet yana kallon ƙwallo, Baba na tambayar wa aka ci. Auta ta jingina da kujerar tana nuna masa bidiyon kyanwa. Umma ma nan take kawo wake ta tsince tana sauraron karatu.

"Ni kuka zo gani ko akwatin?" Baba kan ce.

"Ku biyun, Baba," in ji Yaya, a kwashe da dariya.

Amma kullum ana ƙorafin sabis ba ya kai ɗaki. Shi ya sa Injiniya ya samo manhajar da za ta buɗe masa abin da kamfani ya kulle.

Fitilun suka dawo kore. Ya ƙara wa eriya ƙarfi, ya kauce daga tashar da rautocin maƙwabta suka cunkushe. Auta ta ruga ɗakinta, ta ƙwalo ihu daga can: "Sabis ya cika! Har banɗaki!"

*

Sannu a hankali falon ya yi faɗi. Kowa ya ja ƙofarsa. Umma kan turo saƙo daga kicin cewa abinci ya sauka, kowa ya zo ya ɗauki nasa ya koma.

Wata rana da hantsi Injiniya ya shigo neman caja. Ya tarar da shayin Baba ya huce a kan tebur, an ajiye shi ta ɓangaren hannun da ba ya motsi. Ba wanda ya tsaya ya lura. Ya juyo masa da kofin.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Akwatin nan, ka gyara shi sosai ko?"

"Sosai, Baba. Har bakin titi yana kaiwa."

"Allah ya yi albarka." Baba ya daɗe yana kallon fitilun. "To, wanda ya iya gyara, ba zai iya ɗan ɓatawa ba?"

Ya yi maganar da murmushi, kamar wasa. Injiniya ya kasa dariya. Ya tuna yadda da ba a samun wurin taka ƙafa a kafet ɗin nan.

Ya ɗauko kwamfuta, ya zauna a ƙasa, ya mayar da ƙarfin eriyar ƙasa da yadda yake tun farko.

*

Yaya ne ya fara leƙowa. "Kai, me ka taɓa kuma?"

"Zafi take yi, Yaya. In ban rage ba, za ta ƙone."

"Aikin banza. Gobe zan sayo sabuwa mai eriya huɗu." Ya kunna datar wayarsa, ya koma ɗaki.

Can sai ga takun Auta. Baba ya gyara zama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta miƙo hannu cikin falon da wayar, tana laluben inda sabis ya fara.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya zaci shi take miƙo wa.

Bidiyon ya gama sauka. Ta janye hannunta, ta juya. Na Baba ya ɗan jima a sama kafin ya mayar da shi kan gwiwa.