Littafin da Ke Tsakiya

A ma'aikatar ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Kundi ake ce masa, kuma sunan ya bi shi. Shekara ashirin da shida ya yi a sashen kula da ma'aikata, inda ake ɗaga wannan a zaunar da wancan, a tura na nan can, a dawo da na can nan. Faɗi sunan ma'aikaci, ko da ya daɗe a kabari, Kundi zai ba ka lambar fayil ɗinsa da ranar da aka ɗauke shi aiki, har da takardar gargaɗin da aka taɓa ba shi. Ana girmama shi ƙwarai, irin girman da ake ba wanda ya san inda kowa ya taɓa yin tuntuɓe.

Saura kwana tara ya zauna gaban kwamitin ƙarin girma. Kujerar darakta ce, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe, don ritaya ta fara leƙowa. Ya shirya tsaf. A watan jiya ma ya sauya wa mutum arba'in wurin aiki a takarda ɗaya, don kwamiti ya ga shi ba ya barin ma'aikaci ya yi tsatsa a kujera.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: kan da ake yabo ya fara yoyo. Ran Litinin ya tsinci kansa a bakin ofis da makulli a hannu, ya rasa shiga zai yi ko fita. Ran Laraba ya kira sakatariyarsa da sunan wadda ta bar aiki shekara goma da suka wuce. Ya yi dariya, ta taya shi, amma yana rufe ƙofa dariyar ta ɗauke. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Bai je wurin likitan ma'aikata ba, don likita rahoto yake rubutawa, kuma Kundi ya fi kowa sanin inda rahoto ke kwana. Matarsa ma bai faɗa mata ba. Yana ganin ya ɓoye mata da kyau, tunda kullum da fara'a take miƙa masa tabaransa tana cewa, "Baban yara, ga shi nan inda ka ajiye."

Sai ya yanke shawarar ya tambayi littafi, tunda littafi ba ya tsegumi.

Laburaren ma'aikatar na can ƙasa, ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin janareto da inda ake jibge karyayyun kujeru. Kundi ya sauka lokacin hutun rana, sa'ad da kowa ya tafi neman abin sawa a baki. Dabarar da ya ƙulla yana hawa da sauka da ita a ransa tun safe, kuma ta burge shi. Littafi uku zai ara. A sama, mai bayanin yadda ma'aikaci ke hawa mataki da sauya ma'aikata. A ƙasa, wani tsohon ƙagaggen labari mai kauri, irin wanda kowa ke yabo amma ba wanda ya kai ƙarshensa. A tsakiya kuma, inda ido ba zai kai ba, littafin binciken likitoci kan ciwon da ke cinye ƙwaƙwalwa a hankali.

Ƙa'idar wurin tsohuwa ce. A bayan kowane littafi akwai ɗan aljihun takarda da kati a ciki. Mai aro ya sa hannu a katin, katin ya zauna a laburare har littafi ya dawo, sannan a mayar da shi aljihunsa, duk mai zuwa daga baya ya ga waɗanda suka riga shi. Wannan katin ne ke damun Kundi. Amma ya tanadi amsa.

Matar da ta daɗe tana riƙe da laburaren ba ta nan. Kundi ya ji daɗi, don ita irin mutanen nan ce masu kallon mutum har ya tsargu. A kujerarta wani dattijo ne mai biro uku a aljihu, ya miƙe tsaye da sauri.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Ni ne na sito, nan aka dawo da ni."

"Madalla. Yaya sabon wuri?"

"To, alhamdu lillahi. Ni dai ban san littafi ba, amma na san kaya. Kowane kaya da mazauninsa."

Kundi ya shiga tsakanin kantoci. Abin mamaki, bai sha wahalar nema ba, hannunsa ya tafi kai tsaye kamar ya san hanya. Ya yaba wa kansa: ashe da sauran kai. Ya jera littattafan yadda ya tsara, ya dire su a tebur, ya gyara murya.

"Wannan na tsakiyar ba nawa ba ne. Wani kawuna ne tsufa ya fara taɓa shi, ka san jiki da jini."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya," in ji Mai Sito. Ya zaro katin na sama, Kundi ya sa hannu bai ko duba ba. Ya zaro na ƙasa, ya sa hannu. Da ya zo kan na tsakiya sai ya ciro kati huɗu a haɗe da allurar takarda, ya shimfiɗa su da alfaharin wanda ya gyara ɓarnar wani.

"Ka ga irin aikin da na tarar, ranka ya daɗe. Littafi ɗaya, kati huɗu! A lokar teburin matar da na gada na same su, ta ɗaure da roba ta ɓoye. Ga fili birjik a kowanne, amma sai ta yanko sabo. A sito wannan almubazzaranci ne. Na dawo da su mazauninsu. Wanne za ka sa wa hannu?"

Kundi ya gyara tabarau. Kowane kati sa hannu ɗaya ne tak a kansa. Ya san wannan sa hannun, da doguwar jelarsa da ke lanƙwasowa ƙasa, don shi ne ke ƙasan takardar ƙarin girman rabin mutanen ginin nan. Kwanakin sun bambanta. Na farko wata takwas ke nan.

Ya juya katunan ɗaya bayan ɗaya. A bayan kowanne akwai ɗan rubutu da fensir, mai ƙananan baƙaƙe, na mace. Na farko: "Ya ce na surukarsa ne." Na biyu: "Ya ce na maƙwabcinsa ne." Na uku da na huɗu duk kawu ne. A ƙasan kowanne kuma layi ɗaya bai canza ba: "Matarsa ta dawo da su."

Janareto ya tashi a ɗakin da ke kusa, tebur ya ɗan yi rawa. Kundi ya dafa shi. Kunya ce ta fara kama shi, sannan wani abu mai nauyi da ya fi kunya. Wata takwas yana gadin ƙofar da kowa ya riga ya shige. Matarsa na kwaso littattafai ta biyo barandar nan a ɓoye, wata baiwar Allah kuma na yanka sabon kati duk zuwansa, don kada ya yi karo da kansa.

Ya buɗe tsohon labarin, don dai ya samu inda zai sa idonsa. A shafi na talatin da ɗaya akwai 'yar takardar ofishinsa a ninke, alamar inda mai karatu ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Lafiya lau." Ya ture littafin hawa mataki gefe. "Wannan mayar da shi, na fasa."

"Ba shi ne na kwamiti ba?"

"Mayar dai."

Ya jawo katin farko, ya sa hannu a ƙarƙashin sa hannunsa, a hankali, har jelar. Mai Sito ya ji daɗi an bi ƙa'ida, ya buga hatimi, ya sake yi wa kawu addu'a. Kundi ya ce amin. Ya rungumi littattafan biyu, na likitocin a sama, ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo. Yana so ya yi wa matar nan godiya yau ɗin nan, tun abin yana kansa.

"Ita mai wurin nan fa, ina ta shiga? Hutu ta tafi?"

Mai Sito ya yi dariya, ya ɗauka manya ne ke wasa da na ƙasa.

"Haba ranka ya daɗe. Ai an tura ta can reshen bakin iyaka, tana cikin mutum arba'in ɗin nan. Har kuka ta yi. Kai ka sa hannu."