Ranar da Kuntur Suka Sauko

Chumpi ya mutu ne da hantsi, can saman tudu inda ciyawa ke ƙarewa duwatsu su fara. Shi ne tsohon lama, dabba mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, wanda ya yi wa marigayi mijin Nemesia dakon gishiri da dankali shekara da shekaru, har haƙoransa suka zube, gashinsa ya koma kamar tsohon bargo. Nemesia ta tarar da shi a durƙushe, wuya a miƙe a ƙasa. Ta kwance jan zaren da ke kunnuwansa, ta zauna kusa da shi.

Ba ta daɗe ba sai ga Ciriaco, ƙanin mijinta, yana hawowa yana haki, da wata 'yar kwalba a hannu. Damisar dutse ta addabi garkensa na alfaka, dangin lama masu yawan gashi, ya kuwa rantse sai ya ga bayanta.

"Matar yaya, ki bar min mushen nan," in ji shi. "In barbaɗa masa magani, damisar ta ci ta huta, mu ma mu huta."

"Ita ta gaya maka ita za ta fara zuwa?" Nemesia ta nuna sama da haɓa.

Can ƙololuwa wani baƙin ɗigo yana kewayawa, bai ko kaɗa fiffike ba. Kuntur ne, ƙatuwar ungulun duwatsu mai farin wuya.

"Ka zuba, gobe ka zo ka kwashi gawar kuntur," ta ce. "Chumpi nawa ne. Su na bar wa."

"To ki yi ta gadi. Amma ki riƙa motsi, kada su ɗauka ku biyu ne."

"Ni ƙashi ce zalla. Kai da ka jiƙu da giyar masara za su fi so."

Ya yi dariya ya gangara. Ita dai ta san halinsa, don haka kullum da safe sai ta koro dabbobinta zuwa tudun, ta fake bayan wani dutse tana kaɗi. Kuntur ba su da gaggawa. Suka yi ta taruwa a bakin kwazazzabo, kawuna a sunkuye, su duba mushen, su duba sararin, su ƙi saukowa.

Wata rana da azahar iska ta kwanta. Rana ta gasa mata baya, ganyen kokar da take taunawa ya yi laushi a kuncinta, mazari ya sulale daga hannunta. Sai ta ji jikinta ya yi sakayau, kamar tana shawagi a sama. Ga tafkin can ƙasa kamar gutsuren madubi, ga rufin gidajen ƙauye, ga hanyar gishiri siririya tana ratsa tsaunuka. A kan hanyar wani mutum yana bin ayarin lama, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu irin na marigayi mijinta. Ta kira sunansa. Bai waiwayo ba, amma ya rage sauri, ta yi ta binsa daga sama har gajimare ya shiga tsakaninsu.

Wani fito ne ya farkar da ita, ƙarar iska cikin gashin fiffike. Inuwa ta wuce ta kanta, sanyi ya ratsa ta. Babban namijin kuntur, mai zanko a ka, ya dira. Ya taka a hankali, ya kewaye Chumpi, ya tsaya jim, sannan ya sa baki. Sauran suka jira har ya ƙoshi, manya suka matso, daga baya ƙanana masu gashi ruwan ƙasa.

Nemesia ta zaci za ta kau da kai. Ba ta kau ba. Hawaye na zuba, hannunta kuma ya ci gaba da murza zare.

Kafin la'asar saura ƙashi da fata. Tsuntsayen sun yi nauyi har sun kasa tashi. Suka hau gangaren da ƙafa, suna rangaji, suka isa bakin kwazazzabon, ɗaya bayan ɗaya suka saki jiki. Iska ta tallafe su, suka yi ta hawa har idonta ya gaji.

Da ta miƙe sai ta hangi Ciriaco zaune a ƙasa kaɗan, hularsa a gwiwa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun kina minshari," ya ce a hankali. "To ni yanzu ya zan yi da damisata?"

"Katangar garkenka ko ɗan akuya ya tsallake ta. Gobe ka tara duwatsu, zan kawo maka karena ya zauna wajenka."

Suka naɗe fatar tare, shi ya ɗauka, suka kora dabbobin gida.