Kiran Ƙarfe Uku

Duk ƙarshen Satumba 'yan ƙungiyar rediyo kan kafa kayansu a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin. Su ja wayar eriya daga rufin ɗakin kaya zuwa tankin ruwa, su wuni suna kiran 'yan'uwansu masu rediyo a faɗin duniya. Shekara goma sha tara Alwyn Thwaite ne ke zama a kujerar bakin taga. Bana matarsa Glenys ce ta zo ita kaɗai, da butar shayi da kofi biyu, don hannunta bai saba ɗauko ɗaya ba tukuna.

Ba ta san kan rediyo ba. Abin da ta sani, akwai wani tsoho a Norway, Torvald, da ya yi aikin zuba wa jirgin ƙasa gawayi yana saurayi, yanzu ya makance. Sau ɗaya a shekara yake kira, ƙarfe uku, daidai tashin tsohon jirgin gawayi daga tashar, sai Alwyn ya miƙa makirfo ta taga ya jiyar da shi usur ɗin jirgin. Ba su taɓa haɗuwa ba. Torvald bai san an binne Alwyn tun Maris ba. Norris, shugaban ƙungiyar, ya so rubuta masa wasiƙa, Glenys ta hana. Ba ta son baƙo ya karanta wa makaho wannan labari.

"Zauna nan, 'yar'uwa," in ji Norris. "Kujerar na girgiɗi. Shekara goma mijinki na cewa gobe zai gyara."

"Haka ya bar mini ƙofar kicin."

"Ke ba ki da lasin rediyo, ni zan amsa in miƙo miki makirfon. Ki danna nan ki yi magana. Kin gama, ki saki. In ba ki saki ba, ba za ki ji shi ba."

Ta zauna. Iyalai na ta wucewa a dandamali, ba wanda ya leƙo. Rediyon sai shuu yake, kamar ruwan sama a kan rufin kwano.

Uku saura minti biyu murya ta ɓullo, siririya, tana zuwa tana ɓacewa.

"Alwyn, tsohon malalaci! Kana nan ko barci kake?"

Norris ya amsa da lambar rediyon ƙungiyar, ya miƙo mata. Ta danna.

"Torvald, Glenys ce, matarsa. Alwyn ya rasu. Tun Maris. Bai sha wuya ba."

A waje jirgi ya buga usur, dogo. Ta miƙa makirfon ta taga yadda ta sha ganin mijinta na yi, tururi na dukan hannunta. Jirgin ya wuce gada, ƙararsa ta mutu, ita ko tana nan riƙe.

"Saki, Glenys," Norris ya ce a hankali. "Kin danne shi."

Ta saki. Shuu kawai. In ma ya amsa, amsar ta wuce. Ko ma bai ji ta ba.

"Na ɓata, ko?"

Norris ya ɗaga mata hannu. Can ƙasa-ƙasa muryar ta dawo. Torvald ne ke kiran lambar rediyon Alwyn. Ya yi shiru. Ya sake kira.

"Ya ji ki," Norris ya raɗa, ya cire hularsa. "Haka muke wa namu ban kwana in ya rasu. Kira uku. Ba a amsawa."

Glenys ta ajiye makirfon, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinya don kada su danna. Kira na uku ya zo, ta bar shi ya wuce.