Lababon Zahara'u

Ranar da likita ya gaya wa Ɗalha cewa matarsa Zahara'u za ta koma gida ran Alhamis, ya haɗa masa da gargaɗi: aiki anka yi mata a baya, wata uku kada ta duƙa, ko buta kada ta ɗauka daga ƙasa. Ɗalha ya dawo Malbaza abin yana cinsa. Matar da duk rayuwarta a tsugune take wanke ido, yanzu ƙaƙa za ta yi? Sai ya sayo lababo, kwanon tangaran ɗin nan da ake kafawa jikin bango a wanke fuska a tsaye. Ya kafa shi da kansa cikin ban-ɗaki, ya ja masa tiyo daga pampo.

Da ya buɗe ruwa, sai ruwa ya biyo ta gindin kwano ya jiƙa masa ƙafa.

To shi Ɗalha shekara talatin ya yi a kamfanin siminti, kuma a wurinsa babu ɓarnar da siminti ba ya gyarawa. Ya kwaɓa kaɗan, ya yaɓe ƙarfen magudanar ruwa da ke gindin kwanon. Da safe yana nan yana ɗiga. Ya ƙara. Ran Talata ƙasan lababo ya zama kamar gidan zanzaro, ruwa kuwa bai fasa ba. Sai ya ce a ransa: Lalle kwanon ya tsage, ga shi shi kaɗai ya rage a kantin da ya saye shi, ga Alhamis jibi.

Laraba da sassafe ya kwance shi, ya naɗe cikin bargo, ya shiga motar Ƙonni ya rungume shi bisa cinya. A Tsarnawa wata tsohuwa ta shigo, ta dubi bargon da tausayi ta ce, "Sannu Malam, mi ya samu yaron?"

Ya sauka ƙofar shagon Ajidan Abdulwahab, tsohon jandarma, Bazabarme, wanda ya aje kaki ya koma saida kayan pampo. Ɗalha kuwa Bagobiri ne, saboda haka ko gaisuwa ba su gama ba anka fara tsiyar wasan taubasai da ke tsakanin ƙabilunsu.

"Bawana, mi ka ɗauko? Gawa?"

"Bawa ka gan shi cikin shago. Duba min wanga abu, Ajidan. In ya tsage hwaɗa min, gobe aka sallamo uwargida."

Ajidan ya buɗe bargo, ya ga yaɓen siminti, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ya dubi fuskar Ɗalha sai ya kama bakinsa. Ya ɗauko 'yar guduma, ya riƙa ɓamɓarar simintin a hankali har ƙarfen ya fito. Sannan ya rataya kwanon a yatsa ya ƙwanƙwasa shi da makulli. Ƙara ta tashi garau, ta daɗe ba ta mutu ba.

"Ka ji? Tsagagge ba shi wagga murya. Lahiyarshi lau."

Ɗalha ya nemi benci ya zauna. Sai lokacin ya tuna ko koko bai sha ba.

"Laihin wanga ƙarhe na," Ajidan ya ce, ya ɗaga magudanar. "Ka ga taga ga gehenta? An yi ta don lababo mai ɗan rami can sama, in ruwa ya cika shi biyo ta ciki shi hita nan. Naka ba shi da rami. Ruwa ya zo taga, ba inda za shi sai bisa ƙahwarka. Wa ya ba ka ita?"

"Ni na zaɓa. Ta hi ƙyalli."

"Bagobiri ke nan!"

Ajidan ya fito da magudana marar taga iri biyu. Ɗaya da yatsa ake danna ta ta toshe, a sake dannawa ta buɗe. Ɗayar kuwa marfin roba gare ta da 'yar sarƙa. Ɗalha ya danna ta farkon sau uku, ta burge shi ƙwarai. Sai ya tuna ruwan unguwarsu ba ya rabuwa da rairayi. Ranar da ta cije, Zahara'u ba za ta jira shi ba, ya san ta, za ta yi ta kokawa da ita da wannan bayan nata.

"Ba ni mai sarƙa. Amma ka rage tsawonta, kada marhin roba ya kuɓuce mata ya sauka ƙasa ta bi shi."

Ajidan ya dube shi, ya yanke sarƙar bai yi tsiya ba, ya haɗa masa da zoben roba biyu na tare ɗiga. "Roba sama, roba ƙasa, ka ɗaure da hannu. Hannu kawai na ce."

Kafin la'asar Ɗalha ya koma gida ya ɗaura. Ya cika kwano, ya aje busasshen faranti a ƙasa, ya ja sarƙa. Ruwa ya wuce da gudu. Ya shafa faranti, ya sake shafawa, babu ko ɗigo.

Ran Alhamis Zahara'u ta shigo tana dafa bango. Ta tsaya gaban lababo ƙyam, ta tara hannu, ta wanke fuska har sau uku. Ɗalha yana bakin ƙofa yana kallon bayanta, bai ga ya lanƙwasa ba ko kaɗan. Ta share ido da gefen gyale, ta dubi bangon da ke gabanta.

"Malam, to ina madubi?"