Kwana Huɗu Bayan Aikin Ido

Yaya ce ta cafke hannunsa kafin ya kai fuska.

"Kada ka kuskura!"

"Yaya, wani abu ya faɗa min a ido. Kamar tsakuwa!"

"Ko dutse ne, ba za ka murza ba."

Shi kafinta ne, kwana huɗu ke nan da aka yi masa aikin ido da hasken leza. Tun yana firamare ba ya hangen allo sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, har sunan Ido Huɗu ya bi shi. Likita ta yi masa bayani dalla-dalla: ta ɗaga wani siririn tantani a saman baƙin idonsa, ta gyara, ta mayar. Kafin ya manne, murza ɗaya na iya yamutsa shi. Ban da ƙura, ban da sabulu, ban da shago har mako biyu.

Amma yau ya nace sai ya leƙa shagon, wai minti biyar, ya ga ko abokin aikinsa ya yanka ƙofofin kabad daidai. Yayarsa ta biyo shi tana mita. Ya cire baƙin gilashin kariya don ya duba yankan da kyau, fanka ta kwaso garin katako ta watsa masa.

A bas, kan hanyar asibiti, ta riƙe masa hannu biyu gam a kan cinyarsa. Hawaye na zuba daga idon hagu, yana cizon leɓe. Wata dattijuwa ta ƙare musu kallo.

"'Yar nan, ɓarawo kika kama?"

"Ƙanena ne, Baba. Hannunsa ne ba ya jin magana."

Bas ɗin ta ɗauki dariya. Shi kuwa ba ta dariya yake ba. Shekara shida yana ɗage wannan aiki saboda tsoro, yanzu kuma ƙofar kabad za ta ja masa asara? Ya shiga ƙirga tsayawar bas. A ta bakwai Yaya ta gaji ta sassauta, shi da kansa ya tura hannuwan ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

Likita ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska. Ta wanke idon, ta zaro ɗan tsinken katako da bai kai gashin gira ba, ta sake haskawa. Ta ɗago ta dube shi.

"Ka murza?"

"Ko sau ɗaya."

"Na gani. Tantanin na nan daram. Da ka murza, da yanzu wata magana muke." Ta ƙara masa maganin ɗigawa, sau huɗu a rana, da hannu wankakke. "Shago kuma?"

"Na yafe shi, Likita."

Ta nuna allon haruffa a bango. Ya karanta layin farko, ya gangara, ya gangara, har na ƙarshe, bai yi tuntuɓe ba. Yaya ta tafa sai da wata nas ta leƙo.

A bakin ƙofar asibiti ta tsaya gyara ɗankwali, shi yana can nesa da ita taku goma. Ya ƙura mata ido ta cikin baƙin gilashin.

"Yaya, ashe kina da furfura?"

Ta ja ɗankwalin ta rufe.

"Yau da safe babu ita. Wuce mu tafi."