Kwafin da Ya Tsaya Ranar Talata

Ruwan ya janye ya bar zane a bangon ɗakin na'urori, daidai gwiwar mutum. Bututu ne ya fashe a ƙasan ginin asibitin. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa, takalmanta a hannu, tana kallon babbar na'urar da ke riƙe da bayanan majinyata kaf, wadda ruwan ya kashe. Gabanta ko faɗuwa bai yi ba. Ai don irin wannan rana aka ajiye na'ura ta biyu a ginin da ke ƙetaren titi.

A cikin babbar na'urar akwai ƙananan kwamfutoci shida marasa gangar jiki, ta ɗakin magani daban, ta ɗakin gwaji daban. Duk minti goma sha biyar ake kwafe su zuwa ƙetaren. Haka dai yake a rubuce.

Injiniya ta ƙetara titin zuwa wurin na'ura ta biyu. Shugabar ma'aikatan jinya ta biyo ta har can, tana haki.

"Ƙanwata, mutum goma sha ɗaya ke jiran wankin ƙoda. Ba zan jona kowa ba sai na ga sakamakon jininsa."

"Ba ni minti goma, Yaya."

Ta kunna kwafin, ya tashi lafiya lau, ba gardama. Sai dai bayanin ƙarshe da ke cikinsa na wata Talata ne, wata takwas da suka wuce.

Ta duba waya, ta duba agogon na'urorin, ta duba ko wurin ajiya ne ya cika. Komai ƙalau. Koriyar fitilar da take leƙawa kowace safiya ma tana nan a kunne, ashe abin da take faɗa kawai shi ne na'urar tana da wuta. Da ta buɗe rajistar aiki sai ta tarar da layi ɗaya yana maimaita kansa ba iyaka: an hana shiga. A gefensa akwai sunan mai neman shigar.

Baban Waya ne.

Shi ya koya mata aikin nan, dattijon da duk abin da ya haɗa sai ya ce na wucin gadi ne, abin kuma ya shekara goma a haka. Da sunansa da kalmar sirrinsa ya ɗaura aikin kwafin, bai gaya wa kowa ba. Da ya rasu, ofis ya aiko mata takarda ta rufe sunansa a na'urorin asibitin. Ta yi mako biyu tana ja da baya, sannan ta rufe, ranar Talata. Ta tuna har kuka ta yi. Yau kuwa ko ɗigon hawaye babu, ji take kamar labarin wata ake ba ta.

"Me ya faru?" in ji shugabar jinya.

"Ni na tsayar da shi."

"Kin tsayar da me?"

"Kwafin. Babu komai na wata takwas."

Matar ta sunkuya ta karanta jerin sunayen majinyata da ke kan allon. Ta ɗora yatsa a kan na uku.

"Wannan ai mun yi masa rakiya zuwa makwancinsa tun watan jiya. Ga shi an ce ya dawo Alhamis." Ta miƙe. "Bari in je a sake ɗibar jininsu. Wasu sai dai su kwana da ruwa a jiki."

Injiniya ta sake buɗe sunan Baban Waya. Akwatin saƙonsa ya bayyana a cike: saƙo dubu ashirin da uku, duk iri ɗaya, na'urar tana sanar da shi cewa kwafi ya gaza. Ba ta fasa gaya masa ba ko sau ɗaya.

A ƙasan allon rubutun ya canza. An ba da izinin shiga. Aikin kwafi ya tashi da saurinsa, ya fara neman babbar na'urar da ke tsallaken titi, wadda ruwa ya riga ya kashe.

Ta zauna tana kallo, takalmanta har yanzu a cinyarta.